Tsamin da Dela Ta Ƙi Zubarwa

Duk wanda ya zauna a Karantina, unguwarmu ta Takari a Jidda, a shekarun sittin ya san Dela mai koko. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, don Allah bai yi mata ƙaramin maƙogwaro ba. Ni Mastura, katangar kwano guda ce ta raba ɗakina da nata shekara da shekaru, in ta yi tari ni ke ce mata sannu. Abin da zan faɗa da idona na gan shi. Wanda ya ce na yi son kai a ciki, to na yi, ya je ya ba da nasa labarin.

Ba a Jidda aka haife ta ba. Tana 'yar mitsitsiya iyayenta suka ɗauko ta daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, a ƙafa, da niyyar aikin hajji. A tsaya nan a yi tsintar auduga, a tsaya can a yi dako, har suka ratsa Sudan. Uwarta a hanya ta rasu kafin su kai bakin teku, aka binne ta a wani gari da Dela ba ta riƙe sunansa ba. Ta iso Jidda ta zama budurwa, ta yi aure, mijin ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Abin da ta gada wurin uwarta guda ne, hannun koko. Takan sayo gero wurin 'yan Yaman a kasuwar Bab Makka, ta jiƙa, ta niƙa, ta tace, ta bar gasarar ta kwanta har ta yi tsamin da ranta ke so. Da sassafe 'yan dakon tashar jirgin ruwa na cike a ƙofarta da kwanukansu. Lallashin mai saye kuwa ba ta iya ba. In ka ce kokon ya cika tsami, sai ta ce maka mai shayi na can gaba.

In hantsi ya yi takan tafi wanki da guga a gidan wani injiniya da ke gyaran injunan tashar. Ɗan ƙasar Polan ne, wadda Larabawa ke ce wa Bulanda, mu ma muka bi bakinsu muna ce masa Bulandi. Matarsa Baturiya ce amma ba 'yar ƙasarsu ba. Sai tsohuwar uwarsa, Madam Zofiya, wadda aka ajiye a ɗakin ƙurya tana kallon bango.

Larabcin tsohuwar guntu-guntu ne, na Dela kuwa na kasuwa, amma da hannu da ido suka san juna sarai. Lokacin babban yaƙi sojoji suka kwashe tsohuwar da iyalinta daga gidansu, aka loda su a jirgin ƙasa na kaya zuwa wata ƙasa mai sanyin kisa. Can yunwa ta ɗauke mijinta da 'yarta. Ta fito da ɗa guda, suka yi ta gararamba ƙasa-ƙasa, ba ta sake taka garinsu ba. Ranar da Dela ta gane wannan labari ta dawo gida ta zauna a bakin ƙofa. Can ta ce mini, "Mastura, matar nan Takari ce irinmu, fata ce kawai ta bambanta."

To, sai tsohuwar ta daina cin abinci. Surukarta ta buɗe gwangwani iri-iri, likita ya zo ya tafi, ita dai sai ta kau da kai. Wata rana Dela ta tafi da ragowar kokonta a jug don ta sha in ta gama wanki. Tana zaune a bayan kicin tana kurɓa, sai ga tsohuwa ta dafo bango ta fito, hanci a gaba. Ta tsoma yatsa a kokon ta lasa, hawaye suka zubo mata. "Zur," in ji ta, "zur!" Ta karɓe jug ɗin ta shanye tas, ko kurɓi ba ta rage wa mai shi ba.

Ashe a ƙasarsu akwai wata miya da ake yi da tsamin gari, ita ce zur. Kokonmu ba ita ba ne, amma 'yan uwan juna ne. Tsohuwar ta nuna wa Dela yadda ake tayar da tsamin: gari, ruwa mai ɗumi, tafarnuwa, ɓawon burodi, a zuba a tulu a rufe da ƙyalle a bar shi ya tashi. Hatsin da suke yi da shi babu shi a Jidda, sai suka yi da garin alkama marar tankaɗe. Da ta ce naman alade ake sawa, Dela ta ce wannan kuma sai dai a Bulanda, ta kawo busasshen naman hadaya da mutanenmu ke shanyawa a Mina bayan hajji. Wani ganye da tsohuwar ke ta kwatantawa ba a gane ba, ashe dosh ne na Madina da muke jefawa a shayi. Da ta sansana shi sai da ta rungume Dela.

Tulun bai yi nisa ba matar injiniya ta ce wari ya cika mata gida, a fitar da shi. Dela ta ce, "Halas, ni ina da ɗaki." Ta ɗauko shi ta kawo Karantina, ta ajiye a gindin randar ruwanta inda ke da sanyi.

Ni ce ta biyu da na ɗanɗana a unguwar, kuma da tsoro na kai bakina. Miya ce fara-fara mai kauri, ga dankalin turawa ya narke a ciki, ga dafaffen ƙwai an raba biyu yana leƙe, ga ƙamshin naman nan da tafarnuwa. Tsamin ba ya dukan harshe irin na lemo, a hankali yake bi har ya sauka ciki ya zauna, sai ka ji gumi ya tsatso maka. Na ce, "Yaya Dela, wannan ai koko ne ya yi arziki." Daga baya tsohuwar ta koya mata pirogi, wasu 'yan ƙunshe-ƙunshen fulawa da ake cusa wa dankali da soyayyiyar albasa a dafa a ruwa, kamar mantun Buhariyawa. Ita kuma Dela ta yi mata ɗanwake, tsohuwa ta ci da yaji tana tari tana neman ƙari. Amma zur ce abincinta. In ba ita ba, ba abin da ke zama a cikinta.

Ana nan sai Turai ta shigo aron rariya. Turai matar Malam Abdulgaffar ce, mataimakin limamin ɗan masallacinmu, wanda kowa ke kira Na'ibi. Ta ga tulu a rufe da ƙyalle, ta ɗaga, ta ga gari na kumfa yana ɓul-ɓul, wari ya doki hancinta. Ta tuna kullum Dela na fita da langa a lulluɓe zuwa gidan Nasara. Ko rariyar ba ta ɗauka ba. Kafin la'asar Karantina kaf ta ji cewa Dela na dafa wa Nasara giya.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mutanen da ba sa iya haɗiye tuwo sai an jefa daddawa a miya, su ne wai wari ya dame su! Mutanen da suka girma da tsamin gasara a baki! Da a ɗakin Dela aka tarar da tulun nan ana cewa na maijego ne, ba wanda zai ɗaga kai. Amma da yake Baturiya ce za ta sha, sai ya zama giya. Sai dai kar in zalunce su, tsoronsu ba na banza ba ne. Rabin unguwar ba su da iƙama, wato takardar izinin zama. In maganar giya ta kai kunnen hukuma, askarawa za su zo da motoci, kuma ba tulu kawai za su ɗauka ba. Mutum na iya wayar gari a jirgin tarhil, a mayar da shi ƙasar da ko kakansa bai tuna hanyarta ba.

Na'ibi ya aiko a kira Dela bayan sallar la'asar. Ba mugun mutum ba ne, matsoraci ne, kuma na ga matsorata sun yi ɓarnar da mugaye ba su yi ba. Na ce mata ta bar tulun a gida. Ta harare ni, ta ɗora shi a ka, muka tafi. Dattawa na zaune a tabarma a ƙofar masallaci, mata sun yi cirko-cirko daga nesa. Ta sauke tulun a gabansu ta yaye ƙyallen.

"Allah gafarta Malam, ga ni, ga kuma abin."

"Hajiya Dela," in ji Na'ibi, "esh hada? Mene ne wannan?"

"Gari ne da ruwa da tafarnuwa. Miyar wata tsohuwa ce da ba ta iya cin komai sai ita."

Wani dattijo ya toshe hanci ya ce wallahi warin giya ne sak. Wasu suka ce ƙwarai kuwa.

Dela ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Tayyib. Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa sansanar giya ba, ban san warinta ba. Wanda ya san shi a cikinku ya matso ya shaida, ya kuma faɗa mana inda ya san shi."

Dattijon nan ya shiga gyaran hularsa. Wata daga cikin mata ta ƙyalƙyale da dariya, aka ce ni ce, ban musa ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe an ƙara mata wuta ne, don namiji ya fi yafe zagi a kan dariya. Na'ibi ya ce ko giya ce ko ba giya ba, abu ne mai shubuha, kuma unguwa ba za ta halaka saboda cikin Banasariya ba. Ta zubar, ta daina. In ta ƙi, ba mai sake sayen kokonta, ba mai cin abincin hannunta. Sai ya sassauta murya ya faɗi wadda ta fi zafi.

"Ki tuna ke kaɗai ce, baiwar Allah. Ba ɗa, ba dangi. Ran da kika faɗi, mutanen nan ne za su yi miki sutura. Kar ki sa su ja baya."

Na ga maganar ta shige ta. Duk Karantina ba wanda bai san abin da Dela ke tsoro ba, ta sha faɗa mini: kar ta ƙare irin uwarta, a turbuɗe ta a wurin da ba mai tunawa. Amma da ta buɗe baki, muryar nan ce dai.

"Malam, uwata da ta faɗi a hanya, baƙi ne suka ba ta ruwa, ba su tambaye ta garinsu ba. Tsohuwar nan in na zubar da wannan yunwa za ta kashe ta, kuma yunwa ta riga ta ci mata mutum biyu. Ba da hannuna ba. Mai zubarwa ya zubar."

Wani ƙato daga cikin masu zaman ya tashi ya sa ƙafa ya ture tulun. Ya fashe, farin ruwan ya malale a ƙasa har gefen tabarmar dattawa, suka yi ta janye riguna. Dela ta tsuguna ta ɗauki wani kasko da ɗan tsamin ya taru a ciki, ta riƙe shi da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, ta juya ta tafi. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Washegari da hantsi ta sayo sabon tulu. Ta zuba gari da ruwa, ta juye ɗan tsamin kaskon nan a ciki don ya tayar da sabon. Amma ba ta kai shi gindin randa ba. A bakin ƙofarta ta girke shi, a kan titi, ta yi masa 'yar rumfa da jiƙaƙƙen buhu. Duk mai tafiya masallaci sai ya wuce ta gabansa. In Na'ibi ya zo wucewa sai ta ɗaga murya, "Malam, a yi mana addu'a, yau ya tashi da kyau!" Langar ma ta daina lulluɓe ta.

Askarawan da ake tsoro kuwa sun zo wucewa wata rana. Ɗaya ya leƙa tulun ya ce, "Esh hada, ya hajja?" Ta ce miya ce. Ya sansana, ya yamutsa fuska, ya ce Takari dai ba abin da ba za su ci ba, ya yi gaba. Ƙarshen abin ke nan. Amma kana tsammani mutanenmu suka ce sun yi kuskure? Ina! Cewa suka yi Allah ne ya rufa asiri.

Dela ta sha wuya, kar wanda ya ce maka ba ta sha ba. Ƙofarta da ke cika da safe ta koma sai 'yan dakon Yaman da ba ruwansu da maganar. In ana suna ko biki, ta aika da kwanon abinci, sai a dawo mata da shi yadda yake. Mata in sun hango ta sai hira ta mutu. Ni ma an daina gaishe ni, na ce an rage mini aiki. Wata rana na same ta tana kuka a kan dutsen niƙa, ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Tsohuwar ta rayu har sanyi ya wuce, zafi ya shigo, tana shan zur ɗinta, har ta yi ɗan kumari tana fitowa tsakar gida. Sannan ajali ya zo. Aka binne ta a maƙabartar Nasara da ke bayan tsohon gari, Dela na tsaye daga wajen katanga. Injiniya ya fito ya miƙa mata wani tsohon cokalin katako da bakinsa ya cinye, ya ce da shi uwarsa ta fito daga ƙasar yunwar nan, kuma ita ta ce a ba Dela.

Kowa ya ce to, yanzu dai za ta bari, a shirya. Ni kaina na ce mata, "Yaya Dela, wadda ake yi dominta ta tafi. Ki huta mana." Ta ce, "In na zubar yanzu, na yarda giya ce ke nan. Kuma ni ma ina sonta, ko an hana ni son miya ne?" Tulu ya ci gaba da zama a ƙofa, tana juya shi da cokalin tsohuwa.

An ɗauki shekaru a haka, har Na'ibi ya kwanta. Ciwon ciki ne ya kama shi, ya rame ya zama kamar sanda, duk abin da aka ba shi sai ya dawo. Wata safiya sai ga Turai ta zagayo ta bayan ɗakina, mayafi har hanci, kwano a ɓoye a hammata. Ta ce Malam ya ce ba abin da ransa ke so sai abu mai ɗan tsami da ɗumi, an yi kunun tsamiya ya ƙi zama. Tun ranar da tulun nan ya fashe a gabansa, wai, ƙamshin tafarnuwar bai bar hancinsa ba. In taimaka in karɓo mata wurin Dela, kar in ce na wane ne.

Ta manta katangar kwano ce. Muryar Dela ta ratso, "Turai, ajiye kwanonki. Abincina ba ya bin bayan gida."

Turai ta fashe da kuka, ta ɗauka an hana ta. Ni kuwa na san mutuniyata. Ta hura wuta, ta zaɓi naman da ya fi laushi, ta dafa dankalin har ya narke, ta rage tafarnuwa saboda mai ciwo. Da aka fito sallar azahar, titi cike da mutane, ta ɗora langa a ka ba murfi, tururi na tashi, ta ce mini, "Yalla." Duk wanda muka wuce sai ta ce masa, "Miyar Bulandi ce, ta gidan Na'ibi!" Ina biye da ita, kunya kamar in nitse, daɗi kuma kamar in yi guɗa.

Yana kwance a tabarma a zaure, dattawa 'yan dubiya kewaye da shi, har da mai gyaran hular nan. Ta durƙusa ta zuba a kwano, ta tsoma cokalin katakon tsohuwa, ta miƙa. Ya dubi kwanon, ya dubi mutanen. Na rantse na ga tsoron nan nasa ya taso. Sai ya yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya kai baki. Ya sha, ya ƙara, gumi ya karyo masa. Miyar ta zauna.

"Hajiya Dela," ya ce, "mun zalunce ki. Ki yafe."

"Malam, ba karɓar haƙuri na zo yi ba," in ji ta. "Shanye ka ba ni cokalina. Gobe ma zan kawo."

Ya tashi daga wannan ciwo, ko da yake bai sake ƙwari ba. Dela ce ta riga shi rasuwa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ta tafi da rana tsaka, kanta a cinyata. Ni na yi mata wanka, Turai na zuba ruwa tana sheshsheƙa. Na'ibi ya dogaro sanda ya ce ba mai sallatar ta sai shi, sahu kuwa har bakin titi. Na san inda kabarinta yake, kuma ba ni kaɗai na sani ba.

Ranar sadaka mata suka zo da shawarar a yi shinkafa. Na ce a'a. Na jawo tulun daga ƙofarta, na girka babbar tukunya a tsakiyar titi, na yi zur da hannuna, aka rarraba gida-gida. Na zauna ina jira in ga wanda zai dawo mana da ita yadda take. Kwanukan duk a wanke suka dawo.